PLA mai tuna siffa a Abaqus: kwamfuta tana riga tanda buɗewa da digiri goma, ina kuskuren?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum malamai da injiniyoyin zauren nan. Ina neman a sa mini ido a kan wani lissafi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Aikin a kan polima mai tuna siffa ne, wato robar da ake lanƙwasawa da zafi, ta koma siffarta ta asali in an sake ɗumama ta. Samfurin robar PLA ne da aka buga da firintar 3D, tsawo milimita 60, faɗi 10, kauri 2, a cike ɗari bisa ɗari, layukan bugun suna bin tsawonsa. Ana tsoma shi a ruwa mai zafin digiri 70, a naɗa shi a jikin rodi mai kaurin milimita 20 har ya koma kamar harafin U, a riƙe minti 5, a tsoma a ruwan sanyi, sannan a saki. Yana tsayawa cak a lanƙwashe. Daga nan a sa shi a tanda, zafi yana hawa digiri 5 a minti, kyamarar waya tana ɗaukar yadda yake buɗewa.

A Abaqus, manhajar kwaikwayon lissafin injiniya, na sa tsarin Maxwell mai rassa 12 (kowane reshe sifirin ne da shokazoba) da aka ciro daga gwajin DMA mai auna tauri a zafi daban-daban, tare da WLF, lissafin da ke haɗa zafi da lokacin saki: C1 = 17.44, C2 = 51.6, T0 = 60, wanda shi ne Tg (zafin da robar ke fara laushi) ɗin da gwajin zafi na DSC ya nuna. Matsalar biyu ce. A kwamfuta samfurin yana buɗewa da wuri, tazarar digiri 10 zuwa 12 tsakaninsa da abin da ake gani a tanda. Sannan a kwamfuta yana miƙewa sarai, alhali na gaske yana tsayawa da sauran lanƙwasa kamar kashi goma cikin ɗari.

Shin in watsar da Maxwell in rubuta UMAT, wato tsarin da mutum ke rubuta wa Abaqus da kansa, na kason daskarewa irin na Liu da abokan bincikensa? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Yaba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka taɓa UMAT tukuna. Wata biyu zai ci maka, kuma in ka gama za ka tarar da tazarar nan tana nan daram, domin ba daga nau'in tsarin take ba. Diani da abokan aikinta sun nuna a 2012 cewa Maxwell mai rassa da yawa tare da WLF, waɗanda suke cikin Abaqus tun asali, sun isa su hango dawowar siffar efoksi ba tare da an rubuta wani sabon tsari ba. Naɗin da kake yi ma bai yi tsanani ba: miƙewar fatar waje ita ce rabin kauri a raba da radiyos haɗe da rabin kauri, wato 1 bisa 11, kusan kashi 9 cikin ɗari. Ka dai tabbata NLGEOM, saitin manyan lanƙwasa na Abaqus, a kunne yake, tunda juyawar babba ce.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: a kusa da Tg, zafi da lokaci kuɗi ɗaya ne, ana canjin ɗaya da ɗaya. Raba 51.6 da 17.44, za ka samu kusan 3. Ma'ana duk digiri uku da ka ƙara, lokacin sakin sarƙoƙin polimar yana raguwa ninki goma. A juya maganar kuma, kuskuren ninki goma a lokutan sakin rassanka, wato τ, digiri uku kacal zai gusar da kai. To tazarar digiri 10 zuwa 12 ba ƙaramin kuskuren daidaita lambobi ba ne, wani wuri ne aka ba kwamfuta zafin da ba shi ba.

Wuri na farko da nake zargi shi ne T0. T0 ba Tg ba ne. Shi ne zafin da aka tsayar lokacin da ake jera zanukan DMA ana gusar da su har suka haɗu suka zama uwar zane guda, wadda ka ciro τ daga cikinta. In an jera ta a kan 65 kai kuma ka rubuta 60, ka gaya wa Abaqus cewa saurin sakin da ake samu a 65 tun a 60 yake faruwa. Ga digiri biyar nan take. Kuma C1 da C2 suna tafiya da T0 ne, ba a ɗaga ɗaya a bar sauran: sabon C2 shi ne tsohon haɗe da tazarar, sabon C1 kuma shi ne C1 sau C2 a raba da sabon C2. Daga 60 zuwa 65 kenan C2 ya zama 56.6, C1 ya zama 15.9. Gaskiyar magana ma, 17.44 da 51.6 matsakaitan lambobi ne da Williams, Landel da Ferry suka fitar a 1955 daga polimomi daban-daban. Wanda yake da bayanan DMA a zafi kala-kala ba shi da dalilin aron su, ya fitar da nasa daga gusarwar da ya yi da hannunsa.

Sai ƙananan tarkuna da ke kama mutane. Lissafin Prony, wato yadda ake rubuta rassan Maxwell, da ω yake aiki, ba da mitar f ta Hz ba, kuma ω = 2πf. Mantawa da 2π kuskuren ninki 6.28 ne, kusan digiri biyu da rabi. Wajen ciro rassan, ka kafa τ ɗaya a kowane ninki goma, ka nemo ƙarfin kowane reshe da nnls na manhajar lissafi ta SciPy don kada wani ya fito da alamar ragi, kuma ka daidaita E′ da E″, taurin ajiya da na asara da DMA ke bayarwa, tare. Lambobin g, wato kason taurin kowane reshe, kada ka datse su: in taurin gilashi (a sanyi) MPa 2500 ne, na danƙo (a zafi) kuma 5, jimlar g 0.998 ce. Ka bari ta zama 0.999, ka raba taurin danƙo biyu, shi kuwa shi ne sifirin ɗin da ke tura samfurin ya koma gida. Duba kuma ko taurin da ka shigar an ɗauke shi a matsayin INSTANTANEOUS ko LONG TERM. In ka sa 2500 a ƙarƙashin na biyun, taurin farko zai zama 2500 a raba da 0.002, wanda ya ninka na ƙarfe sau shida. Matakan duka su zama VISCO ko na haɗakar zafi da motsi, don a STATIC saki ba ya gudana. In ka bar k, kason sakin taurin matsuwa, a sifili, samfurin zai kusa daina matsuwa a yanayin danƙo, sai ka koma ƙwayoyin raga irin C3D8H don kada su ƙulle.

Dakta Idi-Araba:

Injiniya ya gama da ɓangaren kwamfuta, ni tandar zan tambaya. Ɗana, zafin da kake karantawa na waye? Na iskar tanda ne ko na samfurin?

In na iska ne, ga lissafin. Falle mai kaurin milimita 2 da iska ke taɓa shi ta fuska biyu, lokacin da yake ɗauka kafin ya bi zafin iska shi ne ρ (nauyin kowace mita kubik) sau c (zafin da kowane kilo ke sha) sau rabin kauri, a raba da h (saurin shigar zafi daga iska). Ga PLA, ρc yana wajen joul miliyan 1.8 a kowace mita kubik a kowane digiri. Rabin kauri mita 0.001. A tandar da iskarta ba ta motsi sosai, ɗauki h kamar 20. Ya ba ka daƙiƙa 90. Zafi yana hawa digiri 5 a minti, daƙiƙa 90 kuwa minti ɗaya da rabi ne, kenan samfurin yana bin bayan iska da digiri bakwai da rabi, daga bayan 'yan mintocin farko na hawan har ƙarshe. Lokacin da allon tanda ya nuna 65, samfurin bai kai 58 ba. Haɗa wannan da biyar ɗin Injiniya ka ga inda ka sauka.

Mutane sukan ɗauka matsalar ita ce zafi ya ratsa cikin robar. A wannan kaurin ba ita ba ce. Saurin ratsawar zafi a irin waɗannan polimomi kusan murabba'in milimita 0.1 ne a daƙiƙa, don haka tsakiyar falle mai milimita 2 tana bayan fatarsa da ƙasa da rabin digiri a wannan saurin. Amma abin yana hawa da murabba'in kauri: a milimita 6 ya kusa digiri huɗu, a nan kam dole ka yi lissafin zafi da motsi a haɗe.

Gyaran ba shi da tsada. Buga tagwayen samfurin, huda ƙaramin rami a gefen ɗaya har tsakiya, cusa siririyar wayar auna zafi nau'in K, ka toshe bakin ramin, ka ajiye shi dab da wanda ake ɗauka a hoto. Allon MAX6675 da Arduino sun isa, suna karanta rubu'in digiri, kuma kaya ne da ake samu wajen masu kayan lantarki. Kafin ka yarda da wayar, gwada ta a ruwan ƙanƙara da kuma tafasasshen ruwa. Legas a bakin teku take, ruwa yana tafasa a 100 ko dab da shi, ba kamar Jos ba inda sai an yi gyaran tudu. Zanen zafi da lokaci da ka samu daga wannan wayar, shi za ka ba Abaqus, ba miƙaƙƙen layin digiri 5 a minti ba. Ko da wuta ta ɗauke a tsakiyar gwaji aka tada janareta, gwajin bai lalace ba muddin Arduino yana kan batir, domin tsarin Maxwell yana iya bin kowane irin tarihin zafi, har wannan lotsawar.

Hanya ta biyu: rage gudu zuwa digiri 1 a minti, jinkirin ya koma digiri ɗaya da rabi. Ta uku, wadda na fi so, ita ce a bar hawan zafi gaba ɗaya. Tsayar da ruwa a 55, 58, 61 da 64, tsoma samfuri a kowanne, ka auna daƙiƙa nawa yake ɗauka ya buɗe rabi. A ruwa h ya ninka na iska sau goma ko fiye, jinkirin ya zama 'yan daƙiƙoƙi. Rabon waɗannan lokutan shi ne aT ɗinka, wato ninkin gusarwar lokaci da WLF ke lissafawa, kai tsaye, daga samfurin da ka buga, ba daga littafi ba. Ka sa shi a siririyar leda, ka matse iskar, don kada ya sha ruwa a dogon gwajin 55.

Mai Firinta Ikeja:

Ranki ya daɗe Dakta, a ba ni dama in taɓa tambaya ta biyu, ta rashin miƙewa sarai, don nan kam laifin tsarin ne ba na tanda ba.

Efoksin da su Liu da Diani suka yi aiki a kai yana da ƙulli na dindindin tsakanin sarƙoƙinsa, kamar ragar kamun kifi. PLA ba shi da shi. Sarƙoƙinsa sun harɗe ne kawai kamar taliya a tukunya, in ka riƙe su a miƙe cikin zafi sai su fara zamewa, kuma abin da ya zame ya manta gida. Maxwell mai sifirin na dindindin kuwa, komai daren daɗewa sai ya maido da samfurin sifili. Shi ya sa kake ganin ɗari bisa ɗari.

Ba sai da UMAT ba nan ma. Rage sifirin na dindindin ya zama ɗan kaɗan, ka mai da yawancin taurin danƙon cikin reshe mai dogon τ, wato sifirin da shokazoba mai tauri a jere. Misali, in τ ɗin reshen daƙiƙa 3000 ne a digiri 70, riƙon minti 5 zai saki 1 − exp(−0.1), kashi 9.5 cikin ɗari, kusan abin da kake gani. Amma kada ka zaɓi 3000 don kawai ta dace. Gwada: riƙe minti 1, minti 5, minti 20. In zamewa ce, sauran lanƙwasar za ta tashi daga wajen kashi 2 zuwa 10 zuwa 33. In ta tsaya wuri ɗaya, ba zamewa ba ce, ka dubi bugun.

Domin firinta ma tana koya wa PLA siffa. Bakin firintar yana jan zaren yana shimfiɗa shi, ya daskare a miƙe. Ranar farko da ya sake haye Tg sai ya tsuke ta tsawon layukan, ya ƙara kauri, kuma da yake layin ƙasa da ya kwanta a kan faranti mai ɗumi bai riƙe miƙewa daidai da na sama ba, sai fallen ya ɗan lanƙwashe da kansa. Masu abin da ake kira bugun 4D da gangan suke amfani da wannan. A wajenka kuwa datti ne a cikin awo. Kafin gwaji, kwantar da samfurin tsakanin gilasai biyu a 70 na minti goma, bar shi ya huce a hankali, sake auna tsawonsa da kaurinsa, waɗannan su ne ainihin siffarsa. Samfurin DMA ma a yi masa haka, a kuma buga shi da layuka iri ɗaya.

Kada dai ka wuce 75. Daga wajen 90 zuwa sama PLA yana fara yin kiristal, wanda ba shi da launi sai ka ga ya yi hazo, a zanen DMA kuma E′ da ya faɗi sai ya sake tashi. Duk bayanan da suka fito daga nan ba sa shiga uwar zane, don abin da ake aunawa ya canza a hannunka.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya, na buɗe fayil ɗin DMA, a kan 65 aka jera uwar zanen. Dakta, zafin iska ne nake karantawa. Zan yi tagwayen samfurin da gwajin riƙo uku.

Saura abu ɗaya. In haka ne, yaushe ne tsarin kason daskarewa yake da amfani? Kuma me ya sa a kwamfuta farkon buɗewar yake zuwa farat ɗaya, na gaske kuma yana farawa a hankali?

Dakta Idi-Araba:

Tsarin da Liu, Gall, Dunn da abokansu suka fitar a 2006 yana ɗaukar polimar kamar cakuda ce ta ɓangare daskararre da ɓangare mai motsi, kason daskararren, φ, kuma zafi T kaɗai ke yanke shi: φ = 1 − 1/(1 + c(Th − T)^n). Yana da sauƙin fahimta, lambobinsa kaɗan ne, kuma yana bin gwajin da aka daidaita shi a kai. Aibinsa shi ne babu agogo a cikinsa. Ka hau da digiri 1 a minti ko 10, amsa ɗaya zai ba ka. Ka tsayar da zafi a 58 na awa guda, zai ce samfurin ya tsaya inda yake, alhali kana kallonsa yana buɗewa. Gwajin ruwan da na ba ka ma ba zai iya bin sa ba sam.

Inda ya dace shi ne polimar da narkewar kiristal ke riƙe mata siffa. Misalin da kowa ya sani shi ne bututun nan da masu gyaran waya da na lantarki ke zura wa waya su hura masa zafi ya tsuke, wanda ake sayarwa a Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Yawancinsa dangin poliyetilin ne da aka ƙulla sarƙoƙinsa, aka buɗa shi da zafi, kiristal suka riƙe shi. A nan kason daskarewa abu ne na gaske da DSC ke iya aunawa. A PLA mara kiristal ko efoksi kuwa babu ɓangarori biyu, sarƙoƙi ne dai suke rage gudu.

Tobushi da abokan aikinsa a Japan, tun a 1997, da suka yi aiki a kan poliyuritan mai tuna siffa, sifirin da shokazoba suka yi amfani da su, har da ƙarin wani sashe mai zamewa saboda miƙewar da ba ta dawowa. Kusan abin da Mai Firinta ya ba ka kenan.

Tunda na ambaci poliyuritan: duk wanda zai koma kansa a garin nan ya kula da laima. Huang da abokansa a Singafo sun nuna a 2005 cewa ruwan da ya shige shi yana raunana haɗin haidirojin, Tg ya sauka har samfurin ya buɗe ba tare da an ɗumama shi ba. A damunar Legas, wanda ke da Tg na 45 sai an busar da shi an rufe da silika jel, in ba haka ba Tg na ranar DMA daban, na ranar gwaji daban.

Injiniya Yaba:

Buɗewar farat ɗaya daga WLF take. An yi shi ne don saman Tg, inda sarƙoƙi ke samun daidaito. Sa T = 30 da lambobinka na farko: 17.44 sau 30 a raba da 21.6, log aT ya haura 24. Babu gilashin polimar da ya daskare haka. A T0 − C2 kuwa, wato 8.4, lissafin ya tarwatse gaba ɗaya, Abaqus kuma yana ɗaukar abin a matsayin sifirin zalla daga nan zuwa ƙasa. Gilashi na gaske ya fita daga daidaito, don haka aT ɗinsa yana hawa a hankali, ya fi kama da Arrhenius. Ƙananan rassa suna ci gaba da motsi a ƙasan Tg, su ne wannan lallausan farkon da kake gani.

Gyaran shi ne UTRS, inda kake rubuta wa Abaqus naka aT, layuka kaɗan ne na Fortran, ba kamar UMAT ba: WLF a sama, Arrhenius a ƙasa, a haɗa su a zafi guda yadda aT ba zai yi tsalle ba. Wurin haɗin da gangaren na ƙasa, daga gusarwar DMA ɗinka za ka karanta su, inda ɗigogin suka rabu da layin WLF. Mai son ya bi abin har tushe sai ya koma tsarin Nguyen da Qi na 2008, wanda ya shigar da sakin tsarin gilashin kansa, har saurin sanyaya ya shiga lissafi. Ga aikinka bai zama dole ba, in dai ka tsayar da ka'ida ɗaya: sanyaya iri ɗaya, jira iri ɗaya kafin a sa a tanda, kamar minti 30 kowane samfuri. Ɗakin da ke 31 ya fi kusa da Tg fiye da 23 ɗin da ma'aunin gwajin roba ya tanada, gilashin yana tsufa da sauri. Kuma kada a ɗauko lanƙwasassun samfura a gaban mota a shiga cunkoson gadar Third Mainland da rana, zafin wurin yana iya kai wa Tg, su iso a buɗe.

In daga baya za ka auna ƙarfin da samfurin ke turawa a ɗaure, ka sa kumburin zafi kashi biyu, na gilashi da na danƙo, na biyun ya ninka na farkon sau biyu zuwa uku. Tauri MPa 2500 sau 0.00007 sau digiri 30 ya haura MPa 5, alhali turawar tuna siffar kanta, MPa 5 sau kashi 9, ba ta kai rabin MPa ba. Ga gwajin buɗewa a sake kuwa tasirinsa kaɗan ne.

Ka fara da T0 da zanen zafin tagwayen samfurin, ka ɗora zanukan biyu a kan zafin samfuri, ka turo mana tare da sakamakon riƙon minti 1, 5 da 20.